Silindar da Ta Yi Sanyi

Ruwa ya kwana yana dukan kwanon rumfarmu a Santa Ana.
Kogin Yacuma ya haɗiye hanyar mota tun watan jiya,
ba shiga, ba fita, sai ta sama.
Evaristo ya ɗaure akwatin allurai a kujerar baya,
ya hau, ya tayar, farfela ta kama.

Ya murɗa makulli dama: injin na gurnani lafiya lau.
Ya murɗa hagu: sai tari,
sai makyarkyata irin ta mai zazzaɓin dare,
allurar agogo ta sulale ƙasa.
Ya kashe. Ya dube mu ta gilashi, bai ce uffan ba.

Don Nicanor, maigidana, ko motsi bai yi ba a kan garwarsa.
Ya ce, "Leocadia, me kika ji?"
Na ce, "Maginetan hagu ya mutu."
Ya ce, "Matacce ba ya tari.
Da mutuwa ya yi, da shiru za ki ji.
Kada ki haƙa wa mai numfashi kabari."

Kowace silinda filogi biyu gare ta,
kamar ido biyu a fuska ɗaya;
muddin ɗaya na gani, wa zai ce akwai makaho?
Sai an rufe mai lafiyar asiri ke fita.

Aka sake tayarwa a hagu kaɗai,
minti guda, aka kashe.
Ya ce in jiƙa yatsa, in bi bututun hayaƙi ɗaya-ɗaya.
Na farko, cas!
Na biyu, cas!
Na uku ya cije ni har na yarfe hannu.
Na huɗu kuwa, ɗigon ruwan ya zauna yana kallona,
ɗumi-ɗumi, kamar shayin da aka manta.

Na sa sifana na kwance filogin.
Dalma ta daskare a bakinsa kamar tsakuwa.
Na ɗaga shi sama, na ce, "Ga ɓarawon!"
Na kankare, na auna gibi, na mayar, na ɗaure tamau.
Aka tayar.
Tarin na nan, har da ƙari.

Evaristo ya dubi gajimare, ya dubi agogonsa.
Can ƙauyen akwai yaron da maciji ya sara.

Tsohon ya ce, "Wanda aka tarar a bakin rami
ba lalle shi ya haƙa ba.
Musanya shi da na silinda ta biyu.
In ciwon ya bi shi, laifinsa ne.
In ciwon ya zauna, ki tambayi waya."
Ciwon ya zauna daram.

Na bi wayar da yatsu, kaɗan-kaɗan,
har ƙarƙashin injin, inda ido ba ya zuwa.
Nan ta jingina da ƙarfe shekara da shekaru,
jijjiga na gugar rigarta,
sai ga baƙin tabo, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Damshin daren jiya ya shimfiɗa wa tartsatsi gada,
ya tsallake tun bai isa inda aka aike shi ba.

"Wuta raguwa ce," in ji shi,
"ba ta zuwa nesa in ta samu kusa."

Saura waya ɗaya tak a ƙasan akwatinmu.
Na ɗaura, na nisanta ta da ƙarfen.
Dama. Hagu.
Allura ta ɗan rusuna, ta tsaya cak.
Jirgin ya fantsama taɓo, ya bi saman dabino ya ɓace.

Sai bayan shekara biyu na gane
dalilin da kullum yake cewa, "Me kika ji?"
Shekara arba'in a gindin farfela sun cinye masa kunne.
Ashe ba jarrabawa yake yi mini ba,
aron kunnena yake.

Tabon bututu na uku na nan a yatsana.
Garwar ma na nan. Ban bar kowa ya zauna a kanta ba.